Kafin A Yanka Tsohon Bututu, A Leƙa Cikinsa Da Waya

A tsofaffin gidajen Landan, bututun ƙarfen zubi mai faɗin inci 4 ne ke kwashe ƙazantar banɗaki. Haɗa shi da sabon bututun roba yana da wuya, domin gam ɗin roba ba ya kama ƙarfe. Sai an sa mahaɗin roba mai laushi, irin na Fernco, an ɗaure shi da zoben ƙarfe.

Matsalar ita ce tsatsa kan ci ƙarfen daga ciki. Shi ya sa masu gyara ke zura 'yar kyamara mai doguwar igiya da ake jonawa a wayar hannu, su duba tsagewa kafin su yanka. Idan mahaɗin ya zauna kan ruɓaɓɓen ƙarfe, yoyo da warin masai za su cika gidan.