Ɗanmu yana sitaj a harkokin waje: me yake koyo a can?

In babban hutu ya zo daidai da damina, sai ka ji uwa tana cewa: "Bana yaron bai zo noma ba, wai yana sitaj a Yamai." Sitaj shi ne zaman koyon aiki da ɗalibi ke yi a ofis na wata ɗaya zuwa 'yan watanni, sau da yawa ba albashi. Daga cikin ɗaliban shari'a da na siyasa, irin na jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai masu neman yin nasu a ma'aikatar harkokin waje ko a wata hukuma ta ƙasa da ƙasa. To, me ake koya musu?

Na farko, dokokin aikin. Yarjejeniyar Biyena ta 1961 ita ta tsara aikin jakada, ta 1963 kuma aikin ƙaramin jakada, wato konsil. Jakada yana magana da gwamnati ne da sunan ƙasarsa. Konsil kuwa shi ke kula da talaka: ɗan cirani da takardunsa suka ɓace, mahajjacin da ya rasu a Saudiyya, ɗan kasuwar da aka tsare. Shi ya sa Nijar ke da ofishin konsil a Kano da Jidda, inda mutanenmu suke da yawa.

'Yan uwa mazauna waje, ku riƙe wannan da kyau. Sashe na 36 na yarjejeniyar 1963 ya ce duk baƙon da aka kama, yana da haƙƙin a sanar da konsil ɗin ƙasarsa in ya nemi hakan, kuma konsil na iya ziyartarsa a gidan kaso. Da yawa ba su san da wannan ba, sai su yi shiru, iyali a gida na ta cigiya.

Na biyu, ba da shawara, kuma nan ne wuyar take. A ce maigidan ofis ya miƙa wa ɗalibi dosiye kan motocin albasa da suka maƙale a iyaka. Sai ya saurari direbobi da 'yan duwan, ya duba abin da doka ta ce, ya ware abin da aka tabbatar daga ji-ta-ji-ta. Sannan ya rubuta shafi ɗaya: ga matsalar, ga hanyoyi biyu ko uku, ga abin da kowace za ta ci, ga wadda na fi gani. Yanke hukunci na shugaba ne. Abin da ke kan mai shawara shi ne ya faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi, ya kuma kama bakinsa a waje. Duk wanda ya taɓa zama a fadar maigari ya san irin wannan aiki.

Kada a raina aikin takarda. A 2005 kotun duniya ta ba Nijar tsibirin Lete, a yankin Gaya, a shari'arta da Benin, kuma tsofaffin takardun zamanin Faransa ne aka baje a gaban alƙalai. Tsakaninmu da Najeriya ma akwai hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai hedkwata a Yamai. Wanda ya ga yadda kasuwannin Maraɗi da Konni suka yi sanyi lokacin da aka rufe iyaka a 2023 ya san cewa maganar da ake yi a ofis tana isa har cikin tukunya.

Ide Oumarou ya shugabanci sakatariyar ƙungiyar haɗin kan Afirka daga 1985 zuwa 1989, Hamid Algabid kuma ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi daga 1989 zuwa 1996. Ƙasar nan ce ta haife su.

Saboda haka iyaye, in yaro ya dawo, ku tambaye shi abin da ya koya, ku ce ya nuna takardar shaidar sitaj. Ku kuma na waje, ku yi rijista a ofishin konsil tun kafin matsala ta zo, ku bar wa na gida lambar wayar ofishin.