Shiri na Musamman: Masu Ƙara wa Furosesa Gudu

Shirin namu na yau ya leƙa wurin mutanen da ke harhaɗa kwamfutarsu da hannunsu, sannan su matsa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta yi gudun da ya zarce wanda kamfani ya rubuta a jikin kwalinta.

A watan Agustan 1998 kamfanin Intel na Amurka ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Gudun nan lissafi ne: agogon madabod, wato babban allon kwamfuta, mai bugawa sau miliyan 66 da ƴan kai a daƙiƙa, a ninka shi sau huɗu da rabi. Ba a jima ba masu ƙwaƙwa suka gano cewa idan an ɗaga agogon daga 66 zuwa 100, sai ta koma gudun megahaz 450 ba tare da ta yi gardama ba. Gudun Pentium II mafi tsada a lokacin ke nan, wadda kuɗinta ya ninka na Celeron fiye da sau huɗu. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta rububin madabod ɗin Abit BH6, domin da shi ana canza agogon daga cikin BIOS, wato shafin saitin madabod, ba sai an taɓa waya ko ɗaya ba.

Shekara biyu bayan haka fensir ya shigo cikin labarin. Kamfanin AMD ya yanke wasu ƴan mitsi-mitsin hanyoyin lantarki a saman furosesocinsa Athlon da Duron don ya kulle gudunsu. Mutane suka riƙa zana layi da fensir a kan yankan. Bakin fensir yana ɗaukar lantarki, sai kullen ya buɗe.

Me ya sa ake samun wannan rarar gudu? Furosesoci masu yawa ake yankowa daga faifan silikon guda, kuma ba sa fitowa daidai da juna. Kamfani yakan gwada su ya sa musu gudun da ya tabbatar kowacce za ta jure. Wata takan fi abin da aka rubuta mata ƙarfi nesa ba kusa ba, wata kuwa da ƙyar take ƙara taku ɗaya, ko da sunansu ɗaya ne. Shi ya sa masu harkar ke cewa sa'a ce.

Daga baya kamfanonin sun mayar da abin kasuwa. A wurin Intel, ƙara gudu sai da furosesa mai harafin K a ƙarshen sunanta, a kan madabod mai harafin Z. Core i5-2500K ta 2011 ta yi suna ƙwarai: gigahaz 3.3 aka rubuta mata, amma da fanka mai kyau da yawa sun kai ta 4.5, suka yi shekaru suna aiki da ita. AMD kuwa tun fitowar Ryzen a 2017 ta bar akasarin furosesocinta a buɗe, muddin madabod ɗin na jerin B ne ko X. Duk wanda ya sayi furosesa mai tsada ya ɗora ta a madabod da bai dace ba, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Babban abin da ke tsayar da kowa shi ne zafi. Ƙarin gudu yana neman ƙarin ƙarfin lantarki, kuma zafin yana hawa da sauri fiye da yadda gudun ke hawa. Da furosesa ta kusanci digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Masu neman kafa tarihi suna tuttula mata ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A Disambar 2022 tawagar kamfanin Asus ta ƙetare gigahaz 9 da Core i9-13900K, da ruwan hiliyam wanda ya fi haka sanyi. Abin burgewa ne, amma gudu ne na ɗan lokaci kaɗan, ba wanda zai yi aikin ofis a haka.

Gaskiyar magana, ribar Celeron 300A ta wuce. Furosesocin yau suna ƙara wa kansu gudu har kusan iyakarsu, kamfanoni sun riga sun kwashe rarar. Matsin ma yakan yi yawa: a 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14 suna jan lantarki fiye da kima har suna lalacewa, ta fitar da gyara ta kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu.

Ga mai harhaɗa kwamfuta a Kano ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke toshe fanka, wuta kuma ke rawa, kuɗin da za a ƙara don harafin K ya fi amfani a kan masanyayi mai kauri, da akwati mai shan iska, da UPS. Wanda ya nace sai ya gwada, ya hau kaɗan-kaɗan, yana gwaji da manhajar Prime95 ko Cinebench na awoyi, idonsa a kan zafi, ya kuma sani cewa garanti ba ya ɗaukar ɓarnar da ya jawo. Ƙwararru da dama yanzu akasin haka suke yi: suna rage wa furosesa lantarki kaɗan, ta yi sanyi, ta daɗe a kan babban gudunta.