MINNA: MASU ZAMAN JINYA DA DOKOKIN DA BA SA JIN HARSHENSU

A kowane asibitin gwamnati na ƙasar nan akwai wata rundunar ma'aikata wadda sunanta ba ya cikin takardar albashi. Su ne 'yan'uwan marasa lafiya, watau masu zaman jinya, waɗanda ke kwana kan tabarma a gindin gado ko a baranda, su sayo magani, su kawo abinci, su yi wanki, su juya majinyaci in ya gaji da kwanciya. In an sallami mara lafiya ma aikinsu bai ƙare ba, sai dai ya koma gida, inda babu likita, babu nas. Haka abin yake a Babban Asibitin Minna, da Asibitin Ƙwararru na IBB, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida, haka kuma yake a ɗakunan cikin gida na Limawa da Bosso da Kpakungu da Maitumbi, inda ake kula da tsofaffi da masu shanyewar ɓarin jiki da yara masu naƙasa shekara da shekaru.

Galibin masu wannan ɗawainiya mata ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana cikin rahotonta na shekarar 2018 cewa mata ne ke yin fiye da kashi 76 cikin ɗari na dukan aikin kula da iyali da ba a biya a duniya. A shekarar 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 29 ga watan Oktoba ta kowace shekara don tunawa da wannan aiki. Amma a Jihar Neja, bayan gajiya da talauci, akwai wata matsala da ba kasafai ake ambatonta ba. Ita ce matsalar harshe: dokokin da aka yi don sauƙaƙa wa waɗannan bayin Allah da Turanci aka rubuta su, su kuwa da Nufanci da harshen Gbagyi da Hausa suke rayuwa.

ABIN DA DOKA TA TANADA

Nijeriya ba ta da wata dokar tarayya da ta yanka wa mai jinyar ɗan'uwansa a gida wani alawus. Abin da ke akwai shi ne dokoki da suka ba shi mara lafiyar, ko tsoho, ko mai naƙasa wasu haƙƙoƙi, mai jinya kuwa shi ne zai tashi ya nemo su. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 16, ya ce wajibi ne hukuma ta karkata manufofinta wajen kula da tsofaffi da marasa lafiya da naƙasassu, ko da yake wannan babi na Tsarin Mulkin ba a iya kai gwamnati kotu a kansa.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar Cibiyar Kula da Dattawa ta 2017 ta kafa hukuma ta musamman don tsofaffi. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu cikin watan Janairu na 2019, ta yanka tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambancin, da tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani. Har wa yau ta ce a fara sauraron mai naƙasa in ana layi, kuma mai lalurar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. Sa'an nan dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman don masu rauni, watau yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu juna biyu, da tsofaffi, da naƙasassu, da matalauta. Ita ma Jihar Neja tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda aka fi sani da NiCare.

Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau a takarda. Sai dai haƙƙin da mutum bai san da shi ba, daidai yake da wanda ba a ba shi ba, gama rashin sani ya fi dare duhu. Matar da ke ɗauke da ɗanta mai lalurar ƙwaƙwalwa daga wani ƙauye na Paikoro ko Shiroro ba za ta tambayi abin da ba ta taɓa jin labarinsa ba. Za ta sayar da akuyarta ta biya, ta yi godiya, ta koma gida.

Abin lura a nan shi ne, ita kanta Dokar Lafiya ta 2014 ta san da wannan matsala. Sashe na 23 ya umarci ma'aikacin lafiya ya yi wa mara lafiya bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da harshen da yake ji, tare da la'akari da iliminsa na karatu, amma sai aka maƙala sharaɗin cewa in hakan zai yiwu. Wannan ɗan sharaɗi shi ne ƙofar da nauyin ke sulalewa ta cikinta.

GARIN HARSUNA DA YAWA

An ƙirƙiro Jihar Neja ne a shekarar 1976 daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, zamanin mulkin Janar Murtala Muhammed, kuma ita ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya. Tana da ƙananan hukumomi 25. Akwai Nufawa a wajajen Bida da Agaie da Lapai da Mokwa, akwai Gbagyi a kewayen Minna, akwai Hausawa da Fulani, da Kambari da Kamuku da Dukawa, da mutanen Borgu, da sauransu. Ita Minna ƙasar Gbagyi ce tun asali, jirgin ƙasa ne ya bunƙasa ta, domin layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, ta nan ya ratsa, nan kuma ya haɗu da na Ikko. Daga nan baƙi suka yi ta kwararowa, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha.

Saboda haka harsuna a asibitin Minna hawa uku ne. Turanci yana sama, shi ne na katin asibiti, da takardar magani, da takardar amincewa da aikin tiyata, da fom na rajista. Hausa tana tsakiya, da ita ake yawancin magana ta baki. Sauran harsuna suna ƙasa, sai an yi dace da ma'aikacin da ya fito daga yankin mara lafiya, ko a roƙi wani mai jinya na gadon kusa, ko a kira yaro ɗan makaranta ya yi tafinta.

Illar wannan ba ƙarama ba ce. Mai jinya ita ce ke riƙe da magani bayan an koma gida. In ba ta gane ba ko ƙwaya ɗaya ce sau uku ko ƙwaya uku ce sau ɗaya, ko kafin cin abinci ne ko bayansa, to mai hawan jini ko ciwon sukari yana iya shiga hatsari a hannun wadda ta fi kowa ƙaunarsa. Mai gida yakan danna yatsa a takardar tiyata ba tare da ya san abin da ya amince da shi ba. Ga kuma batun kunya da sirri: dattijuwa ba za ta faɗi ciwon da ke damunta na ɓoye ta bakin jikanta namiji ba, sai ta ce zazzaɓi ne kawai. Daɗin daɗawa, likitoci sun tabbatar cewa tsohon da ya kamu da ciwon mantuwa, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yakan rasa harshen da ya koya daga baya, ya koma ga na goyo. Dattijon Banufe da ya yi shekara arba'in yana ciniki da Hausa a kasuwar Minna yana iya wayar gari ba ya jin komai sai Nufanci.

YADDA WALES TA YI

Akwai wata ƙasa da ta daɗe tana fama da irin wannan, watau yankin Wales na Birtaniya, mai mutane kimanin miliyan uku. Tun ƙarni na 16, zamanin Sarki Henry na Takwas, doka ta mai da Turanci harshen kotu da na riƙe muƙami a can, harshen Welsh ya koma na gida da coci. Sai a 1942 aka fara sassautawa a kotuna. Dokar 1993 ta kafa ƙa'idar cewa hukumomi su ɗauki Welsh da Turanci daidai wa daida wajen hulɗa da jama'a. Dokar 2011 ta ba Welsh matsayin harshen hukuma, ta kafa ofishin Kwamishinan Harshe mai ikon bincike da cin tara har fam 5,000, bisa ƙa'idar cewa kada a fifita Turanci a kan Welsh. Dokokin da majalisarsu ta yi da harsunan biyu kuwa, kowane rubutu ƙarfinsa ɗaya a gaban alƙali.

A ɓangaren masu jinya, dokar jin daɗin jama'a ta Wales ta 2014, wadda ta fara aiki cikin Afrilu na 2016, ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta binciki bukatun mai jinya shi kansa, kamar yadda take binciken na wanda yake jinya. Ƙidayar 2021 ta nuna akwai irin waɗannan masu jinya kimanin 310,000 a Wales, masu jin Welsh kuwa kimanin 538,000 ne, ba su ma kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba. Ban da haka gwamnatin Birtaniya tana biyan alawus ga wanda ke jinya aƙalla awa 35 a mako, in ya cika sharuɗɗa.

Amma darasin da ya fi muhimmanci yana cikin wani tsari da suka fito da shi a 2012 don asibitoci da ma'aikatun jin daɗin jama'a. Tsarin ya ce ma'aikaci ne zai fara tayi, ya tambayi mutum da wane harshe yake so a yi masa magana, kada a jira sai mutum ya roƙa. Dalilinsu shi ne mara lafiya da mai jinyarsa suna cikin rauni, ba su da ƙarfin jayayya da ofis. Kusan duk mai jin Welsh yana jin Turanci, duk da haka aka ga ya kamata a yi masa wannan adalci. To, ina ga wanda ba ya jin Turancin ko kalma ɗaya? Su ma a can ba a gama cin nasara ba, domin ƙarancin ma'aikata masu jin Welsh yana kawo cikas, amma dai nauyin yana wuyan hukuma.

BA BAƘON ABU BA NE A AREWA

Wanda zai ce wannan ɗabi'ar Turai ce, tarihi zai ƙaryata shi. Majalisar tsohuwar Jihar Arewa a Kaduna da Turanci da Hausa take gudanar da zamanta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, editanta na farko na Hausa, Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara ne ta wannan jiha, kuma babban aikinta shi ne bayyana wa talaka abin da hukuma ke ciki da harshen da yake ji. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta Zariya ta buga littattafai da ƙananan jaridu da harsunan Arewa dabam-dabam. Shi Nufanci tun 1864 Bishop Samuel Ajayi Crowther ya wallafa nahawunsa. Ba za a ce harsunan ba su rubutuwa ba.

Hanyar doka ma a buɗe take. Sashe na 97 na Tsarin Mulki ya yarda majalisar jiha ta ƙara wani harshe ko harsuna na jihar a kan Turanci in ta zartar da ƙuduri. Jihar Legas ta yi amfani da wannan dama, majalisarta tana zama da Yarbanci, kuma a 2018 ta yi dokar da ta tanadi fassara dokokin jihar zuwa Yarbanci. Sashe na 36 kuwa ya ba wanda ake tuhuma da laifi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Abin mamaki ne a ce wanda ake zargi da sata yana da tabbacin tafinta, amma uwar da za a yi wa ɗanta tiyata ba ta da shi.

ABIN DA ZA A IYA YI

Bambancin Neja da Wales shi ne can harsuna biyu ne, nan kuwa sun fi goma. In aka fassara komai zuwa Hausa kaɗai aka tsaya, an rage matsalar, amma an bar Banufe da Bagbagyi da Bakambare na karkara a inda suke. Adalci shi ne a fara da manyan harsuna uku, Nufanci da Gbagyi da Hausa, sa'an nan kowace ƙaramar hukuma ta ƙara harshen da ya fi yawa a yankinta.

Aikin bai fi ƙarfin jiha ba. Ana iya rubuta harshen mara lafiya da na mai jinyarsa a katin asibiti tun ranar farko. Ana iya sanin harsunan da kowane ma'aikaci ke ji, a yi la'akari da su wajen tura shi aiki da raba lokutan aiki. Takardar amincewa da tiyata, da bayanin shan magani, da sharuɗɗan shiga taimakekeniyar lafiya, a fassara su da boko da ajami, a haɗa da zane. Tun da yake da yawa daga masu jinya ba su karatu, sai a ɗauki bayanin da murya, a watsa ta Gidan Rediyon Neja da ta wayar hannu, a kuma bi ta hannun masarautun jihar guda takwas, da limamai da fastoci da ungozomomi. Makarantun koyon aikin jinya da na kiwon lafiya su sa koyon kalmomin ciwo da magani na harsunan jihar cikin darussansu.

Sama da duka, ya kamata Majalisar Dokokin Jihar Neja ta ambaci mai zaman jinya da sunansa cikin doka, ta ba shi haƙƙin a yi masa bayani, a koya masa yadda zai kula da mara lafiya kafin sallama, da harshen da ya zaɓa, ba tare da sharaɗin in zai yiwu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗannan mata da maza sun ɗauke wa hukuma nauyin da ba ta da gadaje ko ma'aikatan da za su ɗauka. In ba a iya biyansu albashi ba, mafi ƙarancin abin da suka cancanta shi ne hukuma ta yi musu magana da harshen da suke ji.