Taswirar gado a jikin itacen fayin: me ta iya nunawa?

Mai injin yanka katako ba ya tambayar asalin gungume. Abin da ya dame shi shi ne ko miƙaƙƙe ne, ko rassansa sun bar masa ƙulli mai yawa, da yawan fallen da zai fita daga cikinsa. Amma amsar waɗannan tambayoyi tana farawa ne tun shekara talatin baya, ranar da wani ya zaɓi irin da za a shuka.

A ƙasar Niyu Zilan, kusan kashi 90 cikin ɗari na gandun dajin da aka dasa fayin ne nau'in radiyata, wanda asalinsa gaɓar tekun Kalifoniya ce da wasu tsibirai biyu na Meziko. A mahaifarsa sau da yawa karkatacce ne mai tarin rassa. Tun shekarun 1950 ma'aikatan daji suka shiga neman fitattun bishiyoyi, su yanko reshe su yi masa aure da wani dashe, su haɗa iri tsakaninsu, sannan su dasa 'ya'yan su jira. Har lamba ake ba iri, ta girma da siffa, domin mai saye ya san abin da ya biya. A kudu maso gabashin Amurka ma haka aka yi da fayin nau'in lobloli, inda Bruce Zobel ya kafa shirin inganta iri a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a 1956.

Matsalar ita ce jira. Manomin masara yana ganin sakamako a damina ɗaya. Mai fayin sai ya shekara shida zuwa goma kafin ya iya cewa wannan zuriyar ta fi waccan. Shi ya sa a farkon shekarun 1990 ido ya koma kan taswirar gado. Fayin yana da kuromosom goma sha biyu, kowanne bibbiyu. Ana neman alamomi a jikin DNA, kamar duwatsun mil a bakin hanya, a jera su, sannan a duba cikin 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya: waɗanda suka gaji alama kaza, sun fi tsawo ko kauri? In haka ne, akwai ƙwayar gado mai tasiri a kusa da wurin.

Itacen ya ma sauƙaƙa aikin ta wani gefe. A cikin kowace ƙwayar irinsa akwai farar tsoka da jaririn tsiro yake ci, wadda ke ɗauke da rabin gadon uwa kaɗai, babu na uba. Ba sai an sha wahalar rarrabe na wane da na wance ba. Daga irin wannan tsoka ta ƙwaya guda ɗaya aka samo mafi yawan abin da David Neale da abokan aikinsa suka karanta, suka fitar da jerin gadon lobloli a 2014: haruffa kusan biliyan 22, wato ninki bakwai na ɗan Adam, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari maimaici ne.

Inda cuta take, taswira ta yi rana. A 1996 aka gano wurin wata babbar ƙwayar gado, Fr1, da ke kare lobloli daga cutar tsatsa mai kumbura kara. Ko da yake daga baya an ga akwai jinsin naman gwarin cutar da ke iya keta wannan kariya.

Girma da miƙewa kuwa sun ƙi ba da kai. Wuraren da aka gano kowanne ɗan kaɗan yake bayyanawa na bambancin da ake gani, kuma wanda ya bayyana a wannan zuriya sai a neme shi a rasa a wata, ko ya fito a shekara ta uku ya ɓace a ta takwas. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsawon bishiya aikin ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyin gado ne, kowacce da ɗan nata, ga ƙasa da ruwa da iska. Sannan iska ce ke ɗaukar ƙurar furen fayin zuwa nesa, gado ya cakuɗe sosai, har alamar da ke tafiya da kauri a gida ɗaya ta rabu da shi a gidan maƙwabta. A ganina an yi zumuɗin alkawari a wancan lokaci fiye da abin da 'yan ɗaruruwan bishiyoyin gwaji za su iya ɗauka.

Dabarar da ta fi karɓuwa yanzu daga masu kiwon dabbobi aka aro ta. Meuwissen da Hayes da Goddard ne suka shimfiɗa ta a 2001. An daina farautar babbar ƙwaya guda. Ana auna dubban alamomi lokaci ɗaya a bishiyoyin da aka riga aka san tsawonsu da siffarsu, kwamfuta ta koyi nauyin kowace alama, sannan a tsinko allurar ganye daga ɗan dashe a yi hasashen makomarsa. Wani gwaji da aka buga a 2012 kan lobloli a jihohin Fulorida da Jojiya ya nuna hasashen yana aiki, amma ƙarfinsa yana raguwa in an koya wa kwamfuta da bishiyoyin wani yanki aka tambaye ta na wani, ko an koya mata da ƙananan bishiyoyi aka tambaye ta na manya. Saboda haka masu shirye-shiryen inganta iri ba su rufe gonakin gwaji ba: har yanzu ana tura ma'aikata da awo su bi layi-layi suna auna kaurin kowace bishiya daidai ƙirji, su ba miƙewarta maki da ido, domin da waɗannan alƙaluma ake sabunta lissafin kowace zuriya.