Dalilin da ya sa wasu rijiyoyin burtsatse ke ƙafewa a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Da zarar bazara ta kama, 'yan ga-ruwa ne ke fara karaɗe layukan Gyadi-Gyadi da Tarauni tun da asuba. Ruwan famfo daga Tamburawa da Chalawa ba ya isar birnin Kano, shi ya sa duk mai hali ke haƙa rijiyar burtsatse a gidansa.

Sai dai haƙar kan zama kamar caca. Wani magidanci zai samu ruwa shar, maƙwabcinsa kuwa ya zuba maƙudan kuɗi amma ya tashi da busasshen rami.

Abin da ke ƙarƙashin Kano

Birnin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan yana taruwa ne a saman dutsen, inda ya ruɓe ya zama ƙasa, da kuma cikin tsagoginsa. Kaurin ruɓaɓɓen sashen yana bambanta daga wannan fili zuwa wancan, kuma injin haƙa na iya kuskure tsaga da taku kaɗan.

A bakin kogunan Chalawa da Kano, da kuma arewa maso gabas wajen Haɗeja, lamarin daban yake. A can akwai yashi da laka da koguna suka jibge tun shekaru aru-aru. Duk lokacin da kogi ya sauya hanya, yakan bar yashi a tsohuwar hanyarsa, laka kuma a gefe. Yashi yana barin ruwa ya wuce, laka tana tare shi. Shi ya sa manoman fadama ke samun ruwa ba tare da sun yi zurfi ba.

Yadda masana ke kintace

Matsalar ita ce rijiya ɗaya bayanin gurbinta kawai take bayarwa. Don cike giɓin, masana kan dogara da ƙa'idar da injiniyan Faransa Henry Darcy ya fitar a 1856 kan gudun ruwa a cikin yashi, da dabarar lissafin da Danie Krige na Afirka ta Kudu ya ɓullo da ita a 1951 don kintatar zinare tsakanin ramukan gwaji.

Ana bai wa kwamfuta bayanan 'yan rijiyoyin da ake da su, da sakamakon awon ƙasa da wutar lantarki, da siffar kogunan yau. Ita kuma sai ta zana ɗaruruwan taswirori na yadda ƙarƙashin ƙasa zai iya kasancewa. Inda akasarinsu suka nuna yashi ko ruɓaɓɓen dutse mai kauri, nan ne aka fi sa ran ruwa.

Wannan aiki ba ya yiwuwa sai da bayanai, kuma yawancin abin da masu haƙa ke gani yana tafiya ne tare da motarsu.

Don haka masana ke ba magidanta shawarar a yi awon ƙasa kafin a haƙa, a karɓi rubutaccen bayanin zurfi da irin ƙasar da aka ratsa, sannan a nisanta rijiya daga ramin masai.

Akwai kuma batun gobe. Rijiyoyin layi ɗaya galibi rumbu ɗaya suke ɗiba, kuma ruwan damina ne ke cika shi. Duk filin da aka dankare da siminti ko kwalta, an rage wa ruwan hanyar komawa ƙasa.