Ɗaura Umarni a Kan Mahaɗin Shafin Intanet: Matsalar Burauza Daban-daban

A wannan maƙala muna so mu duba yadda ake ɗaura wa mahaɗi umarnin JavaScript, wato abin da zai gudana idan mai karatu ya latsa shi. A dā burauzoji sun rabu gida biyu. Ƙungiyar W3C ta tsayar da addEventListener a shekarar 2000, amma Internet Explorer ta riƙe nata, attachEvent, ba ta karɓi na jama'a ba sai a fitowa ta 9, cikin 2011. Tilas mai tsara shafi ya fara gwada wanda burauzar ta sani, sa'an nan ya kira shi. Wannan rigima dai ta kau.

Wadda ta rage ita ta fi damun mu. Mu ɗauki ɗalibin da ke Bagudo, ko Lolo a bakin iyakar Jamhuriyar Benin, wanda ya dogara da Opera Mini don tsimin data. A tsarinta na matuƙar tsimi, ba a cikin wayarsa umarnin yake gudana ba, a kwamfutocin kamfanin ne. Latsawar sai ta je can ta dawo, wani umarnin kuwa yakan katse. Saboda haka muke ganin lalle a rubuta adireshi na ainihi cikin href, umarnin ya zama ƙari kurum, domin ko ya ƙi aiki shafin rajistar ɗalibin ya buɗe.