Ƙonewar bakin ganye: me ke gaskiya, me ke ji-ta-ji-ta?

Da hunturu ya kankama a fadamun Wurno da Goronyo da Rabah, daga Disamba zuwa Fabrairu, kukan manoman albasa da tafarnuwa kusan iri ɗaya ne: bakin lawashi ya fara bushewa, ya yi fari ko ruwan ƙasa, bushewar tana gangarowa. A cikin gidaje ma haka, ɗan mangwaro ko gwaiba ko lemun tsamin da uwargida ke raino a tsohon bokiti sai a ga gefen ganyensa kamar an kara masa wuta. Nan take magana ke yaɗuwa a majalisa da kasuwa da wayoyi. Wani ya ce cuta ce ta shigo, wani ya ce iri ne na jabu, wani ya ce ruwan dam ne, wani kuma ya ce baki ne ya kama gonar. Kowace magana tana sa mutum ya kashe kuɗi, sau da yawa a inda ba nan matsalar take ba.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, ƙonewar bakin ganye alama ce, ba cuta ba ce a kan kanta. Shuka tana jan ruwa ta saiwa, ya bi jikinta har ya kai ƙarshen ganye, inda yake fita ya bi iska. Bakin ganye kamar fangalin da ke can ƙarshen magudana yake: shi ke samun ruwa a ƙarshe, shi ke fara jin ƙishi idan ruwa ya ragu, kuma a can ne duk wani gishiri da ruwan ya kwaso yake taruwa. Saboda haka abubuwa da dama da ba su da alaƙa da juna suna iya haifar da ƙuna mai kama ɗaya. Ga maganganun da aka fi ji, da matsayin kowace.

“Duk ƙunar baki cuta ce, sai an yi feshi.” Ƙarya ne.

Wannan ce maganar da ta fi cin kuɗin manoma. Ƙishi, gishiri, yawan taki da ruɓewar saiwa duk suna ƙona bakin ganye, kuma babu ɗaya a cikinsu da maganin feshi ke warkarwa. Cutar ganye ta gaske tana da tambarinta. Fitacciya a albasa ita ce mai yin tabo mai launin shunayya: tana farawa da ɗan farin ɗigo a jikin lawashi, ya faɗaɗa ya yi zobe-zobe, tsakiyarsa shunayya, gefensa rawaya, har ganyen ya karye daga nan. Wani nau'in fumfuna ne ke kawo ta, kuma tana son laima da raɓa mai daɗewa a kan ganye, don haka ta fi addabar albasar damina da gadajen rainon iri na Satumba da Oktoba. Idan an ga wannan tabo, maganin fumfuna irin su mankozeb yana da amfani. Idan kuwa baki ne kawai ya bushe, ba tabo, kuma duk fangalin ya yi iri ɗaya, a bar ganye a koma ƙasa.

“Ƙishi ne, a ƙara ruwa.” Rabinta gaskiya.

Albasa da tafarnuwa ba su da doguwar saiwa. Mafi yawanta ba ta wuce santimita 30 na saman ƙasa ba. A hunturu laimar iska a yankin Sakkwato kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Afrilu kuma zafi kan haura digiri 40. A ƙasa mai yashi, jinkirin ban ruwa na 'yan kwanaki ya isa ya busar da baki. Har nan maganar daidai take.

Sai dai yawan ruwa ma yana kawo ƙunar da ba a bambanta ta da ta ƙishi. Saiwa tana numfashi. A ƙasar laka mai riƙe ruwa, irin wadda ta yi yawa a tsakiyar fadama, idan fangali ya kwana da ruwa a kai a kai, saiwar sai ta shaƙe ta ruɓe, shukar ta kasa sha alhali tana tsaye cikin ruwa. Manomi ya ga baki ya bushe, ya ƙara kunna inji, ya ƙone fetur, ya ƙarasa kashe ta.

Gwajin bambanta su ba ya cin kwabo. Tona ƙasa zurfin yatsa, ka damƙi dunƙule. Idan ya warwatse kamar gari, ƙishi ne. Idan ya dunƙule da ɗan sanyi, ruwa ya isa. Idan ya yi caɓi har ruwa na tsatsa tsakanin yatsu, ka dakata. Sannan ka tumɓuke shuka guda ka wanke gindinta. Lafiyayyar saiwa fara ce, mai ƙarfi. Wadda ta yi ruwan hoda ko ta yanƙwane, ko gindin da ya yi laushi da launin ƙasa idan an tsaga albasar biyu, tana nuna cutar cikin ƙasa. Wannan ba ta jin feshin ganye. Maganinta a cire waɗanda suka kamu, a gyara mafitar ruwa, a kuma huta da shuka albasa da tafarnuwa a wurin na shekara 3 zuwa 4.

“Ruwan dam ne ke ƙona shuka.” Ba haka ba ne.

Dam ɗin Goronyo, wanda aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, da na Bakolori da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato da ke ratsa Rabah, ruwan sama suke tarawa, kuma irin wannan ruwa galibi ya fi na rijiya ƙarancin gishiri. Gaskiyar da ke kusa da wannan magana wata ce daban. Kowane ruwan ban ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri. Rana ta ƙafar da ruwan, gishirin ya zauna. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ya matso kusa da sama, ko magudanan fitar da ruwa suka toshe, gishirin sai ya riƙa hawowa yana taruwa shekara bayan shekara. A da, ambaliyar kowace damina kan wanke fadama ta zuba mata sabuwar laka. Madatsun ruwa sun rage wannan wankin a wurare da yawa.

Alamar a bayyane take: farin ɓawo kamar kanwa a kan kunyar fangali bayan ruwa ya janye, shuke-shuke gajeru a wannan gefen, ganye mai duhu da ƙonannen baki. Albasa tana cikin amfanin gona mafi rashin juriyar gishiri, ta fi alkama rauni nesa ba kusa ba. Laifin na rashin mafitar ruwa ne, kuma gyaransa a yashe magudana, a yi ban ruwa mai yawa sau ɗaya kafin dashe don ya tura gishirin ƙasa, a kuma yawaita ruɓaɓɓen takin gida.

“Yunwa ce, a zuba yuriya.” Mafi yawan lokuta wannan ƙara wa wuta fetur ne.

Yunwar taki tana da kamanninta: tsofaffin ganyen waje su yi rawaya gaba ɗaya, shuka ta tsumbure. Ƙarancin sinadarin fotash kuma kan ƙona baki da gefen tsofaffin ganye. Amma takin zamani, ko kamfa ko yuriya, idan ya narke a ƙasa aikin gishiri yake yi. Yuriya tana da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin 100, ita ce mafi ƙarfi a cikin takin da ake sayarwa a kasuwanninmu. Idan aka zuba ta da yawa, ko a busasshiyar ƙasa, ko ta maƙale a wuyan albasa, sai ta janye ruwa daga saiwa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: yaushe na zuba taki? Idan ƙunar ta bayyana cikin kwana 2 zuwa 5 bayan zubawa, ka sami mai laifi. A raba taki kashi biyu ko uku, a zuba a ƙasa mai danshi, a bi shi da ruwa. Yuriyar da aka zuba bayan albasa ta fara ƙwai kuma tana kaurara wuya, ta sa ta ruɓe da wuri a cikin rudu. Ɗanyen kashin kaji shi ma yana ƙona saiwa. Sai ya ruɓe tukuna. Toka tana da fotash, gaskiya ne, amma kaifinta na kanwa ne, kaɗan ake barbaɗawa.

“Na duba, babu ƙwaro ko ɗaya.” Sau da yawa ba a duba inda yake ba ne.

Babban maƙiyin albasar rani shi ne ɗan ƙwaron da malaman gona ke kira tirifs. Tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, 'ya'yansa rawaya ne, kuma da rana yana ɓoye a can cikin wuyan albasa inda sababbin ganye ke haɗuwa. Yana kankare fatar lawashi ya tsotse ruwanta, ya bar zane-zane masu ƙyalli kamar azurfa da ƙananan baƙaƙen ɗige, daga baya baki ya bushe ya lanƙwashe. Zafi da bushewar iska su ne abincin ransa, shi ya sa yake ƙaruwa daga Janairu zuwa Maris. Raunin da yake yi kuma ƙofa ce ga cutar tabon shunayya.

Ka sa yatsu biyu ka buɗa wuyan, ko ka kaɗa lawashin a kan farar takarda, za ka ga suna gudu. A nan feshi yana da hujja, amma da sharuɗɗa: da sanyin safiya ko da yamma, ruwan maganin ya shiga cikin wuya, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, a kuma riƙa sauya nau'in magani, domin wannan ƙwaro yana saurin sabawa. Ruwan dakakkun 'ya'yan dogon yaro yana rage shi idan an fara da wuri. Ninka ma'auni ko gauraya magani uku a tanki ɗaya shi kansa yana ƙona ganye, haka ma famfon da aka fesa maganin ciyawa da shi ba a wanke ba. A tuna kuma lawashi abinci ne, ana miya da shi, ana daka shi a yi gabu. Dole a kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da cira.

“Irin jabu ne.” Matsala ce ta gaske, amma ba wannan ce alamarta ba.

A ƙarshen 2023 ƙungiyar manoma da 'yan kasuwar albasa ta ƙasa ta koka a fili kan asarar da gurɓataccen iri ya jawo wa manoma, don haka tsoron yana da tushe. Sai dai mugun iri yakan tona kansa ne ta ƙin tsirowa, ko ya yi ganye shar ya ƙi yin ƙwai. Albasa tana auna tsawon yini kafin ta yi ƙwai, kuma irin da aka tsara don ƙasashe masu dogon yinin bazara ba zai yi ba a nan, inda namu na gida da irin Galmi ta Nijar suke yi. Abin da dashe ke iya kawowa daga wata gona shi ne ƙwaro da cutar saiwa, saboda haka a duba shi kafin a saya.

“Ban ruwa da tsakar rana yana ƙona ganye.” Ƙarya ne.

Ana cewa ɗigon ruwa yana tattara hasken rana ya ƙona ganye. Masu bincike a ƙasar Hangari sun gwada wannan, suka wallafa a 2010 cewa a kan ganye mai santsi hakan ba ya faruwa. Amfanin ban ruwan safe ko yamma shi ne rage asarar ruwa. Shukar da ta langaɓe da ƙishi da azahar, a ba ta ruwa a lokacin.

Shukar cikin gida

A tukunya ko bokiti, komai yana faruwa da sauri don ƙasar kaɗan ce. Abu uku ne suka fi kashe dashen gida: bokitin da ba a huda ƙasansa ba, ruwan wanki da wanke-wanke mai ɗauke da sabulun gari, da iskar hunturu ko zafin katangar siminti. Mangwaro musamman ba ya son gishiri. Barin ruwa ya kwana kafin a zuba yana rage sinadarin kulorin na ruwan famfo ne kawai, ba ya cire gishirin rijiya. A huda gindin mazubi, a kwarara ruwa mai kyau ninki biyu ko uku na girmansa har ya zube ta ƙasa, a rufe saman ƙasar da ciyawa, a matsar da shi inuwar la'asar. Wurin da ya ƙone ba zai sake yin kore ba, ko me aka zuba. Za a iya datse shi da almakashi mai tsabta don kyan gani, amma a sabon ganye ake gane ko an warke. A gonar albasa kuwa kada a datse, yankan ƙofar cuta ne.

“Baki ne ya kama gonar.”

Addu'ar neman tsari abu ne mai kyau a kan gona da dukiya, ba mai hana ta. Abin gudu shi ne zargin maƙwabci a kan abin da ke da sababi a fili, zumunci ya lalace, ƙwaron kuma yana nan cikin wuyan albasa yana ci.

“Wata ƙunar ba komai ba ce.” Gaskiya ne.

Tsohon ganyen waje yakan bushe a kowace lafiyayyar shuka. Idan albasa ta ƙosa, baki ya bushe, wuya ya yi laushi ya kwanta, wannan nuna ce. Idan kusan rabin fangali ya kwanta, a janye ruwa kamar mako biyu kafin cira, don ta daɗe a ajiya.

Kafin ka nufi shagon magani, ka bi wannan jeri: taɓa ƙasa, tumɓuke shuka ɗaya ka ga saiwa, buɗa wuya, duba ko akwai tabo, sannan ka tuna abin da ka zuba ko ka fesa a makon da ya wuce. Idan abin ya shige maka duhu, ka ɗauki shukar gaba ɗaya da saiwarta da ƙasarta ka kai wa malamin gona na ƙaramar hukuma ko na hukumar raya aikin gona ta jihar Sakkwato. Kada ka sayi magani sai ka san sunan abin da kake son kashewa.